Ryzen 7 9800X3D ko Core Ultra 9 285K: wacce za ka ɗaura wa kwamfutar buga gem?

Mai shirin haɗa kwamfutar gem ta manyan kuɗi yakan tsaya a kan furosesa biyu da suka fito mako biyu tsakaninsu. Intel ya saki Core Ultra 9 285K ranar 24 ga Oktoba 2024 a kan dala 589, AMD kuma ya biyo baya da Ryzen 7 9800X3D ranar 7 ga Nuwamba a kan dala 479. Idan lambobin jikin kwali ka duba, za ka ce ta Intel ce gaba: tana da cibiyoyin aiki (cores, ƙananan injinan lissafi da ke cikin furosesa) 24, waccan 8 kawai, gudunta yana kaiwa 5.7 GHz, waccan 5.2. Su ne lambobin da mai shago zai fara nuna maka. Amma in dai gem ne abin da ya sa ka fito da kuɗinka, 9800X3D ce taka. Ta Intel tana da nata gurbin, kuma za mu zo kansa. Kafin nan akwai tambayar da ta riga wannan, wadda mutane da yawa suke tsallakewa har su yi asarar kuɗi: shin furosesa ce take riƙe gem ɗinka, ko katin girafik?

Mataki na farko: duba monita da katin girafik

Kowane hoto da gem ya nuna, hannu biyu ne suka yi shi. Furosesa ce take lissafin inda kowane ɗan wasa yake, inda harsashi ya nufa, da abin da zai faru in mota ta daki bango. Katin girafik shi ne yake zana hoton. Wanda ya fi jinkiri a cikinsu shi ke yanke yawan hotunan da za ka gani a daƙiƙa, wato FPS. Monita mai 1080p ɗigo miliyan 2 da ɗoriya take buƙata a kowane hoto, mai 1440p kusan miliyan 3.7, mai 4K kuwa miliyan 8.3. Yayin da ɗigon yake ƙaruwa, nauyin yana komawa kan katin girafik, furosesa ta koma jira. Shi ya sa a 4K, da komai an ƙure shi, tazarar da ke tsakanin waɗannan furosesoshi biyu takan ragu har ta kusa ɓacewa a gem da yawa. A 1080p da 1440p, musamman a monita mai 240 Hz, nan ne tazarar take fitowa fili, domin a wannan gudun furosesa tana da kamar kashi 4 cikin dubu na daƙiƙa ne kacal ta gama lissafin kowane hoto.

Idan kana da tsohuwar kwamfuta, gwada kafin ka sayi komai. Saka MSI Afterburner tare da RivaTuner, manhajojin da suke nuna yawan aikin kayan kwamfuta a kan allo, ka buɗe gem ɗin da ka fi bugawa, ka dubi aikin katin girafik. In yana zaune a kashi 97 zuwa 99 cikin 100, shi ne ya gaji, sabuwar furosesa ba za ta ƙara maka abin a zo a gani ba. In yana yawo a 60 ko 70 alhali ba ka ƙayyade FPS ba, furosesa ce take riƙe shi. Wata hanyar: sauke gem daga 1440p zuwa 1080p. In FPS bai motsa ba, laifin furosesa ne.

Ga shawara a fili: wanda kuɗinsa ba su kai katin girafik irin RTX 5070 Ti ko RX 9070 XT ba, bai kamata ya sa kansa cikin wannan zaɓi ba tukuna. Ya sayi furosesa mai sauƙi kamar Ryzen 5 9600X, ya zuba ragowar a kan katin. Haka wanda ƙwallon EA FC ce kaɗai damuwarsa; ko ɗaya daga cikin biyun nan bai buƙata.

Me ya sa mai cibiya 8 take kayar da mai 24?

Amsar tana cikin 'yar ma'ajiyar da ke jikin furosesa, wadda ake kira kash na L3. Duk bayanin da cibiya take nema, in ta same shi a kash ta ɗauka nan take; in babu, sai ta aika RAM, tafiyar da takan ninka lokacin sau shida ko fiye. Kwatanta da tela wanda zarensa da almakashinsa suke kan tebur, da wanda sai ya tashi ya shiga sito duk lokacin da zai yanka ƙyalle. Gem yana yawan neman ƙananan bayanai a warwatse, shi ya sa girman teburin yake da tasiri sosai. 285K tana da 36 MB na L3. 9800X3D tana da 96 MB: 32 na asali, da ƙarin 64 da AMD ya liƙa a matsayin wani falle daban, abin da ya sa wa suna 3D V-Cache.

A 5800X3D da 7800X3D da suka gabace ta, wannan falle a saman cibiyoyin yake, sai ya zama kamar bargo tsakaninsu da na'urar sanyaya, dole aka rage musu gudu. A 9800X3D an mayar da shi ƙasa, cibiyoyin suka koma sama kusa da murfin ƙarfe. Zafi yana fita da sauri, gudun tushe ya hau 4.7 GHz, kuma an buɗe ta ga mai son ƙara mata gudu da kansa.

Ita kuwa 285K, cibiyoyinta iri biyu ne: manya 8 masu ƙarfi, da ƙanana 16 masu tattalin wuta. Yawancin gem a kan manyan 8 ɗin nan suke gudana, ƙananan ba su cika taimakawa ba. Ga shi kuma Intel ya raba furosesar gida-gida, sashen da ke magana da RAM ya koma wani falle daban da na cibiyoyin, jinkirin zuwa RAM ya ƙaru. Kash ƙarami, hanya zuwa RAM mai nisa: abin da gem ya fi ƙi ke nan. Ko ranar fitowarta Intel bai ce za ta fi tsohuwar Core i9-14900K a gem ba, abin da ya yi alkawari shi ne kusan aiki ɗaya da ƙarancin wuta. AMD ya ce tasa ta fi 285K da kashi 20 cikin 100 a matsakaici, kuma gwaje-gwajen masu zaman kansu a 1080p ba su ƙaryata shi ba. Gyare-gyaren BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows) da na Windows da Intel ya fitar daga baya sun taimaka, amma ba su cike gibin ba.

Kada ka tsaya kan matsakaicin FPS kaɗai in kana kallon gwaje-gwaje. Nemi lambar mafi munin kashi 1 cikin 100 na hotuna, domin ita ce take nuna ɗan tsaitsayawar nan da ido yake kamawa idan an shiga gari mai cunkoso ko faɗa ya yi zafi. Nan ne babban kash ya fi nuna kansa, a gem irin su Microsoft Flight Simulator, Baldur's Gate 3, Counter-Strike 2 da Escape from Tarkov.

Inda 285K take da gaskiya

In kwamfutar nan ita ce kuma shagonka, lissafi ya canza. A aikin da yake cinye dukkan cibiyoyi lokaci ɗaya, kamar fitar da bidiyo, zanen Blender ko harhaɗa manyan manhajoji, 285K takan yi kusan ninki biyu na 9800X3D a gwajin Cinebench, manhajar auna ƙarfin furosesa. Tana kuma da Quick Sync, wanda yake sauƙaƙa wa Premiere Pro da DaVinci Resolve karanta bidiyon kyamarori masu nauyi. Mai haɗa bidiyon biki ko tallace-tallace da rana, ya buga gem awa ɗaya da dare, ba zai yi nadamar 285K ba, ballantana in monitarsa 4K ce.

Ka ƙirga da gaskiya: a mako, awa nawa kake jiran kwamfuta ta gama fitar da aiki, awa nawa kake gem? In jiran bai kai awa biyu ko uku ba, cibiyoyi 8 na 9800X3D, masu zare 16 (kowace cibiya tana riƙe aiki biyu lokaci ɗaya), sun ishe ka. Mai watsa gem kai tsaye ma bai buƙatar cibiya 24, domin katin girafik ne yake ɗaukar nauyin matse bidiyon ta NVENC ko makamancinsa. Wanda yake son duka biyun kuma aljihu ya yarda, akwai Ryzen 9 9950X3D mai cibiya 16 da ta fito a Maris 2025 a kan dala 699. Sai dai rabin cibiyoyinta ne kawai suke da ƙarin kash, don haka tana dogara da direban cifset (manhajar AMD ta madabod) da Xbox Game Bar na Windows su tura gem ɓangaren da ya dace. 9800X3D ba ta da wannan ɗawainiya.

Lissafa kuɗin gidan gaba ɗaya

Furosesa ba ta zama ita kaɗai. 9800X3D tana hawa soket (mazaunin furosesa a kan madabod) AM5, kuma madabod mai cifset B650 ko B850 ya ishe ta sarai. Ba sai ka sayi X870E ba, sai in kana buƙatar USB4 ko ramukan SSD na M.2 da yawa. 285K tana hawa LGA1851, kuma wanda ya biya kuɗinta zai so madabod mai Z890 don ya buɗe duk abin da take iyawa. Ƙara kuɗin na'urar sanyaya mai girma a kai, za ka ga bambancin ya wuce dala 110 da ke tsakanin farashinsu na farko.

Akwai kuma maganar gobe. AMD ya yi alkawarin ci gaba da AM5 har 2027 da bayanta, kuma ya taɓa cika irin wannan: AM4 da ya fito a 2016 shi ne ya ɗauki 5800X3D a 2022. Intel ya saba sauya soket bayan zubi biyu ko uku. Ga mai shigo da kaya da dala, sauya furosesa kaɗai bayan shekara uku ya fi sauya ta da madabod sauƙi nesa ba kusa ba.

RAM kuwa dukkansu DDR5 kaɗai suke karɓa, tsohon DDR4 ɗinka ba zai shiga ba. Ga 9800X3D, sayi sanda biyu masu 16 GB kowanne, DDR5-6000, CL30 (ma'aunin jinkirin RAM), masu EXPO (saitin gudun RAM da aka shirya wa AMD). A wannan gudun ne sashen kula da RAM yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da RAM ɗin. In ka haura 6400 yakan koma rabin gudu, ka biya ƙari ka samu ragi. Saboda girman kash ɗinta ma, ba ta cika damuwa da RAM mai tsada ba. 285K ita ce mai ƙishin RAM mai gudu: 6400 ne ma'auninta a hukumance, kuma tana amfana da sandunan CUDIMM masu 8000, waɗanda suka fi tsada. Ko wacce ka zaɓa, sanda biyu, kada ka cika ramuka huɗu. A AM5 gudun da AMD ya lamunce wa sanda huɗu 3600 ne kawai. In 64 GB kake so, sayi biyu masu 32.

Zafi, ƙura da wuta

Wannan sashen ya fi shafar mai zama a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai fiye da masu gwajin da kake kallo, domin su a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25 suke aunawa. Duk digiri ɗaya da ɗakinka ya ƙaru, furosesa ma takan ƙaru da kusan ɗaya. Wadda ta nuna 78 a wurinsu za ta haura 90 a ɗaki mai digiri 38 a watan Afrilu. 9800X3D tana fara rage gudu a 95, 285K a 105.

Iyakar wutar da 9800X3D take ja wat 162 ne, kuma a gem yawanci ba ta kaiwa 100. Na'urar sanyaya ta iska mai hasumiya biyu, irin Thermalright Peerless Assassin 120 ko Noctua NH-D15, ta riƙe ta. 285K tana kaiwa wat 250 in an ƙure ta da aiki, don haka ta ruwa mai tsawon milimita 360 ce ta dace da ita. A lura: ta ruwa tana da famfo, famfo kuma yana mutuwa, kuma samun madadinsa a kusa ba kullum ba ne. Ta iska in fankarta ta mutu, fanka ce kawai za ka sauya. A furosesoshin biyu babu wadda take zuwa da na'urar sanyaya a kwalinta. Ramukan ɗauri na LGA1851 daidai suke da na LGA1700, yawancin na AM4 kuma suna hawa AM5.

Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Sa fankokin da ke shigo da iska su fi masu fitarwa yawa, misali uku a gaba, ɗaya a baya, kuma na gaban su kasance bayan rariyar tace ƙura. Ta haka iska take fita ta ƙananan kafofi maimakon ƙura ta shigo ta cikinsu. Ɗaga akwatin daga ƙasa, ka wanke rariyar duk mako biyu a lokacin hazo. In za ka hura da bulowa, riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa.

Akwatin wuta (PSU, mai ba kwamfuta wuta) kuwa katin girafik ne yake yanke girmansa. Nvidia ya ba da shawarar wat 750 ga RTX 5070 Ti, 850 ga RTX 5080, 1000 ga RTX 5090. Da 285K ƙara mataki ɗaya a kan haka. Nemi mai ATX 3.1, kuma ka tura filogin wutar katin girafik, wato 12V-2x6, har ka ji ya yi ƙas. Wanda bai shige duka ba yakan yi zafi har ya narke. Sannan UPS: sai mai fitar da tsantsar igiyar wuta irin ta layi (pure sine wave), domin akwatunan wuta na zamani sukan mutu ko su yi ƙara a kan masu arha idan an ɗauke wuta. Lambar VA ba wat ba ce. Mai 1500 VA sau da yawa wat 900 zuwa 1000 yake ɗauka. Mai sola ya sani cewa a gem katin girafik ne yake shan batir, ba furosesa ba.

Wajen saye

An sha kama furosesoshin X3D na jabu, wasu murfi ne kawai babu komai a ciki, wasu tsofaffi ne aka sake wa rubutu. Ko a Computer Village ta Ikeja ka saya, ko Banex ta Abuja, ko ta intanet, nemi mai kwali a rufe, ka gwada lambar siriyal ta kwalin da ta jikin murfin. Mai kwali garantin shekara 3 take da shi daga kamfani. Wadda aka sayar tsirara garantinta yana hannun mai shago. Da kwamfutar ta tashi, buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan furosesa: 9800X3D sai ta nuna cibiya 8, zare 16, L3 96 MB, 285K cibiya 24, zare 24, L3 36 MB.

In aka yi maka tayin Core i9-13900K ko 14900K ta hannu da araha a madadin waɗannan, yi hattara. Su ne Intel ya amsa cewa yawan boltej yana lalata su a hankali, har ya fitar da gyaran 0x12B, mai zuwa ta BIOS, a Satumba 2024 ya kuma ƙara musu garantin shekara 2. Gyaran yana hana lalacewa, amma ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu, kuma da ido ba za ka gane ba.

Ɗaurawa

Yi aikin a kan tebur, madabod yana kan kwalinsa, kafin ya shiga akwati. Fara da BIOS. Madabod mai B650 ko X670 da ya daɗe a shago zai iya ƙin tashi da 9800X3D sai an sabunta shi. Yawancinsu suna da maɓallin BIOS Flashback a baya: sa fayil ɗin a filasha mai tsarin FAT32, sauya masa suna yadda littafin madabod ya ce, haɗa wayoyin wuta, danna maɓallin, ka jira fitilar ta daina ƙiftawa. Kada ka taɓa yin wannan ba tare da UPS ko inbata ba, domin in wuta ta ɗauke a tsakiya madabod zai iya ƙin tashi. Sabon BIOS yana da wani amfanin: tun bayan da wasu 7800X3D suka ƙone a 2023, AMD ya ƙayyade boltej na SoC, sashen furosesa da ya haɗa da mai kula da RAM, a 1.3, kuma ta BIOS wannan kariya take zuwa.

A soket ɗin biyu duka, alluran suna jikin madabod ne, 1718 a AM5, 1851 a na Intel, siraran gaske. Ɗaga hannun ƙarfen, ka buɗe murfin, ka riƙe furosesa ta gefe, ka daidaita ɗan alwatikan da ke kusurwarta da na soket, ka ajiye ta a hankali a miƙe. Kada ka danna, kada ka ja ta gefe. In ta zauna daidai, rufe murfin ka sauke hannun. Baƙar robar za ta fita da kanta. Adana robar, ana nemanta in za a mayar da madabod. Allura ɗaya da ta lanƙwashe tana iya kashe ramin RAM guda, kuma garanti ba ya ɗaukar wannan.

RAM yana shiga rami na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga furosesa, wato A2 da B2. Man sanyaya ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa a AM5. A ta Intel mai tsawo, ja ɗan siririn layi. Ɓare ledar da ke ƙasan na'urar sanyaya, ana yawan mantawa da ita, sai a ga zafi ya haura 90 daga buɗe gem. Ɗaure sukurori a gicciye, juyi biyu nan, biyu can, har su tsaya. Haɗa wayar wutar furosesa mai baki 8 a saman madabod. Ga 285K cika duka biyun. In madabod yana da ramukan M.2 da yawa, duba littafinsa, domin a wasu cika wani rami yana rage wa katin girafik layuka daga 16 zuwa 8.

Tashin farko a AM5 yakan ɗauki minti biyu zuwa biyar allo baƙi, fitilar DRAM a kunne. Koyon RAM yake yi, kada ka kashe. Da ka shiga BIOS, kunna EXPO a AMD ko XMP a Intel, in ba haka ba RAM ɗin da ka saya na 6000 zai zauna a 4800. Kunna Resizable BAR, saitin da ke ba furosesa damar isa ga duk ma'ajiyar katin girafik. A AMD, Memory Context Restore yana rage jiran tashi na gaba. A Intel zaɓi Intel Default Settings, kada ka bar madabod ya cire iyakar wuta. Saka Windows 11 zubin 24H2 ko wanda ya biyo baya, sannan direban cifset daga shafin AMD ko Intel. Wayar monita a jikin katin girafik take shiga, ba a madabod ba, kuma sai ka shiga saitin Windows ka ɗaga ta daga 60 Hz zuwa ainihin gudunta.

Gwada RAM da MemTest86 zagaye huɗu, sannan Cinebench minti 30 kana kallon zafin furosesa a HWiNFO. In ɗakin yana da zafi kuma 9800X3D tana taɓa 95, shiga Curve Optimizer, saitin rage boltej a BIOS, ka sa ragi 15 a dukkan cibiyoyi, ka sake gwaji. In kwamfuta ta fara mutuwa tana zaune ba aiki, ragin ya yi yawa, koma 10. A 285K sauke iyakar wuta daga 250 zuwa 200: fitar da bidiyo zai ɗan ƙara lokaci, gem kuwa ba zai ji ba, domin da ma ba ya kai ta can.